Yadda ake auna bitamin C a gwaba, mangwaro da bisap da na'urar lantarki a zafin Yamai

Ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jini don gwada sukari a likita ko a gida, shi ne ɗan'uwan na'urar da ake auna bitamin da ita. A kan tsinken akwai siraran layuka na gawayi da azurfa. Idan aka tura musu ɗan ƙarfin lantarki, abin da ke cikin ɗigon yana sakin elektoron, na'ura kuma ta ƙirga yawan lantarkin da ya gudana. Bitamin C, wanda a ɗakin gwaji ake kira asid askorbik, yana daga cikin abubuwan da suka fi sauƙin aunawa ta wannan hanya, domin kowace ƙwayarsa tana sakin elektoron biyu, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu shi ne lantarki, ba tare da an matsa mata sosai ba. Saurin sakin nan ne ma ya sa wasu na'urorin gwajin sukari suke ba da lamba ta ƙarya ga majinyacin da aka ɗura wa bitamin C mai yawa ta jijiya.

To amma abin da ya sa yake da sauƙin aunawa shi ne kuma ya sa yake da saurin lalacewa. Iska tana cin sa, zafi yana ƙara wa cin sauri, burbushin tagulla ko ƙarfe a cikin ruwa kuma ya zama kamar an zuba wa wuta fetur. A Yamai ko Tawa, inda a watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, akasarin kuskuren awo yana faruwa tun kafin ɗigon ya taɓa na'ura. Don haka wannan bayani zai fi daɗewa a kan shirya samfur da lissafi fiye da danna maɓallai.

Kayan aiki

Na farko shi ne potanshiyostat, wato akwatin da ke riƙe ƙarfin lantarki daidai inda aka ce masa, yana kuma auna abin da ya gudana. Akwai ƙanana masu shiga aljihu da ake jona wa kwamfuta ko waya, irin EmStat na kamfanin PalmSens da na Metrohm DropSens, akwai kuma waɗanda aka saki zanensu kyauta don ɗalibai su harhaɗa da kansu, irin CheapStat da DStat da Rodeostat. Duk wanda zai iya auna ƙasa da mikro'amfa 1 ba tare da layin ya yi ta rawa ba, ya isa wannan aiki.

Na biyu elektorod. Uku ne kullum: mai aiki, inda bitamin ke sakin elektoron, madogara, wanda da shi ake gwada ƙarfin turin, da mataimaki, wanda ke cika zagayen lantarkin. Mafi sauƙi a nan shi ne tsinke bugagge da ke ɗauke da ukun gaba ɗaya. Wanda aka fi sani yana da da'irar gawayi mai faɗin milimita 4 a tsakiya da ɗan yankin azurfa a gefe, ɗigon mikrolita 50 kuma yana rufe su duka. Wanda ke da sandar gawayi mai santsin gilashi, mai milimita 3, tare da madogara na Ag/AgCl, wato azurfa mai rufin kuloraid, zai samu lambobi masu tsabta fiye da na tsinke, sai dai kafin kowane awo sai ya goge bakin sandar a kan ƙyalle da garin alumina, mai mikron 0.3 sannan mai 0.05, yana zana lamba takwas, ya ɗauraye sosai.

Sauran: sikeli mai auna miligiram, mikropipet biyu (mai mikrolita 10 zuwa 100 da mai 100 zuwa 1000), kwalaben awo masu dogon wuya na mililita 10 da 50 da 100, takardar tacewa ko injin santirifuj mai juya ruwa da sauri har laka ta kwanta, ma'aunin pH, takardar alminiyom ta naɗe kwalabe, da kula cike da ƙanƙara. Kular nan ba ƙarin kaya ba ce, tana cikin abubuwan da babu su babu aiki.

Ruwayen da za a haɗa

Duk haɗi da ruwan distile ake yin sa, wato ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa. Ruwan famfo yana da kulorin, wanda ke kashe bitamin C nan take, ruwan leda kuma ba a san abin da ya ɗauko ba.

Ruwan tampon, wato mai riƙe tsami a wuri ɗaya: a lita 1 a narka giram 8.66 na Na2HPO4 marar ruwa, da giram 4.68 na NaH2PO4 marar ruwa, da giram 7.46 na KCl. Wannan zai ba da fosfat mola 0.1 a kusan pH 7.0. A duba takardar kwalba da kyau, domin gishirin fosfat mai ɗauke da ruwa nauyinsa daban ne, kuma nan ne sababbin ɗalibai suka fi zamewa. KCl ɗin yana da aikinsa: azurfar da ke kan tsinke ba cikakken madogara ba ce, sai da kuloraid mai yawa marar canzawa take tsayawa wuri ɗaya. Idan aka bar shi, tudun awo, wato inda layin da na'ura ke zanawa ya ɗaga sama, zai riƙa yawo hagu da dama daga ɗigo zuwa ɗigo.

Ruwan tatsa: asid metafosforik kashi 3 cikin 100, wato giram 3 a mililita 100, a ajiye a firigo, kada ya wuce mako guda. Yana saukar da pH, yana kama burbushin ƙarfe, yana kuma kwantar da sinadaran furotin da ke rusa bitamin. In babu shi, asid oksalik kashi 1 cikin 100 zai yi, ko da yake bai kai shi ba.

Ruwan bitamin sananne: nauyin mola ɗaya na asid askorbik giram 176.12 ne, saboda haka miligiram 176 a mililita 100 na ruwan tatsa mai sanyi ya ba da milimola 10 a lita; daga nan duk inda aka ce mola, milimola ko mikromola, a lita ɗaya ake nufi. A naɗe kwalbar, a binne ta cikin ƙanƙara, a haɗa sabo kowace rana. Kada a yi amfani da ƙwayar bitamin C ta famasi a matsayin sananne. Ana iya gwada ta a matsayin samfur, amma abin da aka rubuta a kwali ba awo ba ne. Garin asid askorbik ɗin ma idan ya fara komawa rawaya, ya tashi aiki.

Gwada lafiyar tsinke

Kafin a taɓa samfur, a narka giram 0.165 na gishirin K3[Fe(CN)6] a mililita 100 na ruwan KCl mola 0.1. A ɗiga mikrolita 50, a yi zagayen CV, wato na'ura ta ɗaga ƙarfin lantarki sannu a hankali sannan ta sauko da shi, daga bolt -0.3 zuwa +0.6 da gudun milibolt 50 a daƙiƙa. Za a ga tudu ɗaya a tafiya, wani a dawowa, tsayinsu kusan ɗaya. A ka'ida tazarar da ke tsakaninsu milibolt 59 ce a digiri 25; tsinke bugagge ba ya kai nan, amma in tazarar ta haura milibolt 200, ko tudun ya baje kamar tsaunin yashi, fuskar gawayin ba ta da kyau. Sau da yawa riƙe ta a bolt +1.2 na minti biyu cikin tampon yana farfaɗo da ita. Abin da aka yi wa tsinke ɗaya dai, a yi wa duka. Gishirin K3[Fe(CN)6] kada ya haɗu da asid mai ƙarfi, domin yana iya sakin iska mai guba. Kwalbar zubar da shi daban take.

Daga nan a ɗiga bitamin milimola 1 cikin tampon, a yi CV daga bolt -0.2 zuwa +0.8. Tudu ɗaya kawai zai fito, a tafiya, galibi tsakanin +0.2 da +0.5 gwargwadon irin gawayin. Rashin tudun dawowa ba matsala ba ne, haka bitamin C yake, domin abin da ya rikiɗe ya zama yana haɗuwa da ruwa nan da nan, ba ya komowa. A rubuta inda tudun ya tsaya.

Shirya samfur

Mu ɗauki gwaba da aka sayo da safe a kasuwar Katako ko Wadata. Ta shiga kula tun daga kasuwa, kada ta wuni a bayan babur. A wanke, a share ruwan, a yanka da wuƙa marar tsatsa. Gwaba ɗaya ba ta wakiltar buhu, kuma bawonta ya fi cikinta bitamin, don haka a yanko tsaga daga guda biyar ko shida, kowace tsaga daga bawo har tsakiya.

A fara zuba ruwan tatsa mai sanyi, kamar mililita 30, a turmin tangaran ko na gilashi, sannan a auna giram 5.0 na gwabar a jefa ciki. Tsarin nan yana da muhimmanci: idan aka niƙa tukuna sannan aka zuba asid, mintunan da ke tsakani sun isa sinadaran ƴaƴan itacen da iska su ci wani kaso. Turmin tagulla ko na ƙarfe haramun ne a wannan aiki. Mai amfani da injin markaɗe ya riƙa kunnawa daƙiƙa goma yana kashewa, domin injin yana kaɗa iska ciki yana kuma ɗumama abin. A juye a kwalbar mililita 50, a ɗauraye turmin a ƙara, a cika zuwa layi da ruwan tatsa, a girgiza, a tace. Daga yanka zuwa awo kada a wuce rabin awa.

Mangwaro irin na Gaya, tumatir na lambunan bakin Kwara, albasar Galmi da ɗanyen ganyen zogala duka haka ake yi musu, nauyin da ake ɗauka ne ke canzawa. Gwaba takan kai miligiram 200 ko fiye a giram 100, mangwaro kamar 36, tumatir kamar 14, albasa kamar 7. Ga masu ƙarancin sai a ɗauki giram 10 ko 20. Garin ƴaƴan kuka yana da yawa amma yana da yauƙi, takarda ba ta tace shi da sauri. Giram 2 ya isa, santirifuj kuma ya fi masa.

Awo da dabarar ƙari sananne

Hanyar da aka fi koyarwa ita ce a zana layin awo da bitamin sananne cikin tampon tsantsa, sannan a ɗora lambar samfur a kai. Ga abinci ba mu ba da shawararta ba. Ruwan gwaba ba tampon tsantsa ba ne: yana da sukari, yana da kauri, yana da abubuwan da ke manne wa gawayi su rage masa kaifi, ga kuma asid ɗin tatsa da ya ɗan saukar da pH. Mikromola 50 a cikinsa ba za ta ba da tudu daidai da mikromola 50 a ruwa mai tsabta ba. Maganin shi ne a zana layin a cikin samfurin kansa.

A jera kwalabe huɗu na mililita 10. A kowace a zuba mililita 0.50 na tataccen ruwan gwaba. Ta farko ba a ƙara mata komai. Ta biyu a ƙara mikrolita 50 na ruwan bitamin sananne, ta uku 100, ta huɗu 150. Idan aka cika su zuwa layi da tampon, ƙarin ya zama mikromola 0, 50, 100 da 150. Amma kada a cika su gaba ɗaya a jera a kan tebur. A pH 7 bitamin ba shi da kariya, saboda haka a cika ɗaya, a juya ta sau uku, a auna, sannan a koma ta gaba.

A saita na'ura a DPV, wato salon awo da ke ɗaga ƙarfin lantarki taki-taki tare da ɗan bugu a kowane taki: daga bolt -0.1 zuwa +0.6, taki milibolt 5, bugu milibolt 50 na milisakan 50, gudu milibolt 10 a daƙiƙa. DPV ta fi CV a nan saboda tana rage lantarkin banza da fuskar gawayi ke sha, tudun ya fito fili. A fara da tampon kaɗai, layin ya zama shimfiɗaɗɗe. Sai kwalba ta farko har ta huɗu, daga ƙarami zuwa babba, ana ɗauraye tsinken da ruwan distile tsakani, ana tsane shi ta gefe da takarda ba tare da an goge gawayin ba. Tsayin tudu daga gindinsa ake aunawa, wato daga layin da ya haɗa ƙafafunsa biyu, ba daga sifiri ba. A ƙarshe a sake haɗa irin ta farko a auna. In ta faɗi fiye da kashi 10 cikin 100, fuskar ta toshe a hanya, sai a sake da sabon tsinke ko a ƙara tsarma samfurin.

Ga lissafi da lambobin misali, waɗanda na gaskiya ba za su yi kyau kamarsu ba. A ce tudun ya ba da mikro'amfa 1.20, 2.20, 3.20 da 4.20. Kowace mikromola 50 ta ƙara mikro'amfa 1.00, ke nan kowace mikromola ɗaya 0.020. A raba 1.20 da 0.020, an samu mikromola 60 a kwalbar farko. An tsarma sau 20, don haka tataccen ruwan yana da mikromola 1200, wato milimola 1.2. A ninka da 176.12, ya zama miligiram 211 a lita. A mililita 50 akwai miligiram 10.6, kuma daga giram 5 na gwaba suka fito, ke nan miligiram 211 a giram 100. Don kwatance, hukumomin FAO da WHO sun sa bukatar babban mutum a miligiram 45 a rana.

A lura ƙarin ya yi kusa da abin da ke cikin samfur. Idan samfur yana da mikromola 5 aka ƙara masa 150, ƙaramin kuskure a layin zai zama babba a amsa. A maimaita dukan aikin sau uku tun daga yanka, ba ɗigo uku daga kwalba ɗaya ba. Sau ɗaya kuma a zuba bitamin sananne a turmi tun kafin niƙa, a ga ko za a dawo da kashi 90 zuwa 110 cikin 100 nasa. Wannan gwajin ne kaɗai ke nuna abin da ya salwanta a hanya.

Matsalar bisap

Tsohuwar hanyar titirashon, wato ɗiga shuɗin rini na DCPIP a samfur kaɗan-kaɗan, tana dogara da ganin lokacin da ruwa ya koma ruwan hoda. A cikin bisap, wato zoɓo, wanda ja ne tun asali, ido ba ya ganin wannan lokaci. Na'urar lantarki ba ruwanta da launi, shi ya sa mutane ke ɗokin gwada bisap da ita, kuma nan ne ake samun lambobi masu daɗin ji waɗanda ba gaskiya ba. Sinadaran da suka ba shi jan launin, antosiyanin, su ma suna sakin elektoron kusa da inda bitamin C ke saki. Ƙari sananne ba ya gyara wannan, domin yana gyara kaifin tsinke ne kawai, ba ya raba tudu biyu da suka hau kan juna. Layin zai fito miƙaƙƙe sumul, amsar kuma ta kumbura.

Abin yi shi ne a auna sau biyu. A raba samfurin da aka tsarma a tampon gida biyu, a sa wa ɗaya inzayim askorbat oksidas, wani sinadarin furotin wanda bitamin C kaɗai yake ci, a bar shi minti 10 zuwa 15, a auna. Abin da ya rage a tudun ba bitamin ba ne, sai a cire shi daga na ɗayan kafin a raba da karkatar layi, irin 0.020 ɗin nan na misali. Inzayim ɗin ba ya aiki cikin asid ɗin tatsa, sai bayan an tsarma. Ganyen zogala da garin kuka da shayi su ma suna da irin waɗannan sinadarai, gwangwanin ruwan ƴaƴan itace kuma wani lokaci akwai sulfit. Wanda bai samu inzayim ba, ya rubuta sakamakonsa da sunan jimillar abubuwan da ke sakin elektoron, kada ya kira shi bitamin C.

Wani abu kuma: na'urar tana ganin bitamin da bai riga ya saki elektoron ba ne kawai. Kason da ya koma asid dehidro'askorbik jiki yana iya amfani da shi, amma tsinke ba ya ganin sa. A busasshen ganye ko abincin da ya daɗe a ajiye, wannan kaso ba ƙarami ba ne.

Abubuwan da yanayinmu ke jawowa

Zafi yana ƙara saurin tafiyar ƙwayoyi zuwa fuskar gawayi, tudu kan ƙaru da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowane digiri. Awon ƙarfe takwas na safe da na ƙarfe biyu na rana ba za su yi daidai ba a ɗakin da babu sanyaya. Kwalabe huɗun nan su kasance a zafi ɗaya, tampon ɗin kuma ya fito daga firigo da wuri ya daidaita da ɗaki. A lokacin hunturu iska ta bushe ƙwarai, ɗigon mikrolita 50 yana ƙafewa ana kallo, abin da ke cikinsa ya yi kauri, lamba ta hau. A kashe fanka, a kifa ƙaramin kofi a kan tsinken da jiƙaƙƙiyar auduga a gefe, a danna awo da zarar an ɗiga. Kofin yana kuma tare ƙura. Tsinkayen da ba a buɗe ba su zauna a akwatinsu a rufe, nesa da rana. Azurfar da ta yi baƙi ta gama aiki.

Idan layi ya fito da haƙora kamar zarto, yawanci kuran ne. Wutar gida mai hertz 50 tana shigowa ta cajar kwamfuta, ta janareta kuma ta fi muni. A cire caja a yi aiki da batir, a nisanta waya, a duba ko ruwa ya gangara ya jiƙa bakin jonin. Tudun da ya yanke a sama kamar an sare shi yana nufin an zaɓi ma'auni ƙarami, a ɗaga shi. Layin da ya lanƙwasa a manyan lambobi yana nufin samfurin ya yi kauri. Akwai kuma wata ƙaramar matsala da ke cinye wa mutane yini: na'ura tana fitar da lambobi da ɗigo, Excel na Faransanci kuma waƙafi yake jira, sai ya ɗauki 1.20 a matsayin rubutu ko kwanan wata. A canza saitin kafin a buɗe fayil.

Jini, fitsari da sauran bitamin

A jinin mai lafiya bitamin C yana kusan mikromola 50 zuwa 70 a lita, ƙasa da 11 kuma rashi ne mai tsanani. Asid yurik a jinin ya ninka haka sau da yawa, yakan kai 200 zuwa 400, tudunsa kuma yana maƙwabtaka da na bitamin a kan gawayi tsirara. Shi ya sa masu bincike ke shafa wa elektorod garafin, wato shimfiɗar gawayi mai tsananin siranta, ko ƙananan bututun gawayi ko ƙwayoyin zinariya, don tudun biyu su rabu. Jinin a ɗebe shi a bututu mai heparin, maganin hana jini daskarewa, ya shiga ƙanƙara, a raba ruwansa da gaggawa, a haɗa shi daidai wa daida da asid metafosforik kashi 10 cikin 100, a juya a santirifuj. Jinin da jajayen ƙwayoyinsa suka fashe a zubar, ƙarfen da ya fito ya riga ya ci bitamin. Aikin jinin mutum yana bukatar izini da safar hannu da wurin zubar da allura, kuma sakamakon tsinke na bincike ne. Kada a gaya wa majinyaci yana da rashi ko ba shi da shi sai an tabbatar da HPLC, na'urar da ke ware sinadarai kafin ta auna su, a babban ɗakin gwaji.

Bitamin B2 yana fitowa a ɓangaren ragi, kusan bolt -0.45 a pH 7, da tudu a tafiya da dawowa. A can iskar oksijin da ta narke a ruwa tana shiga tsakani, sai an busa naitirojin na minti biyar zuwa goma a ƙaramin kofi mai murfi, kuma haske yana rusa shi da sauri, a yi aikin a inuwa. B6 da asid folik suna can sama wajen +0.7 zuwa +0.9, inda kusan komai na cikin abinci ke sakin elektoron, saboda haka ba a auna su kai tsaye ba tare da an ware su ba. Bitamin A da ake ƙara wa man girki, da D da E da K, ba sa narkewa a ruwa. Sai an tatso su da etanol ko heksan, irin waɗannan ruwaye kuma suna narkar da tawadar tsinke bugagge, don haka aikinsu na sandar gawayi mai santsin gilashi ne, a ɗaki mai injin zuƙe tururi.